Maska da Funtuwa: Yadda Jirgin Ƙasa Ya Sauya Mazaunin Mulki

Ƙasar Maska tana kudancin Katsina, a kan tudun da Gulbin Sakkwato ya samo tushe. Ƙasa ce mai laka da wadatar damina, saboda haka auduga da dawa suka karɓe ta tun da daɗewa. Kafin zuwan Turawa, garin Maska shi ne mazaunin sarauta, kuma ya yi suna wajen saƙa da rini. Funtuwa kuwa ƙauye ce a ƙarƙashinsa.

A zamanin Turawa aka mayar da mazaunin Hakimi Funtuwa. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Zariya, wadda ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai tasha da injin gurzar auduga suka janye fatake da 'yan ƙwadago. Maska ta koma gefen hanya, ko da yake Hakimin Funtuwa bai yar da sarautarsa ta Sarkin Maska ba.

Gyaran 1976 ya kafa Ƙaramar Hukumar Funtuwa cikin Jihar Kaduna. A 1987 ta faɗa Jihar Katsina, kuma daga jikinta aka yanke Bakori da Ɗandume.