Sanƙarau da Yadda Jiki Ke Tuna Abokin Gaba



Mu mutanen ƙasar Gumel mun san sanƙarau, baƙon bazara. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini kan taso mata. Waɗanda ake kira B su ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai. Bayan yaƙi yawancinsu kan mutu, kaɗan su saura riƙe da kamanninta, suna dakon ranar da za ta komo.

Tsohuwar allurar sanƙarau ba ta barin masu dakon nan, domin rigar sukarin ƙwayar kaɗai ta ƙunsa, ƙwayoyin T masu ba da umarni kuwa ba ruwansu da sukari. Shekara uku, kariya ta dusashe. A MenAfriVac, wadda ta iso Jigawa a 2011, an ɗaura sukarin jikin furotin. T suka farka, jiki ya riƙe.

Sai dai fuska ɗaya aka nuna masa, nau'in A. Nau'in C ne ya faɗa wa Maigatari da Sule Tankarkar a 2023. Allurar da Nijeriya ta soma a 2024 nau'i biyar ta ƙunsa.