CIWON HANTA: BAƘON DA BA YA SALLAMA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa mai aikin sa-kai ya gabatar a zaman matasa a Kaura Namoda, wanda 'yan'uwa daga Shinkafi da Zurmi suka halarta. A sha karatu lafiya.



'Yan'uwa, ni ba likita ba ne. Abin da ya sa na miƙe shi ne abin da ya faru ranar da muka je mu shida bayar da jini ga wata baiwar Allah da ta haihu. Da aka gwada mu, sai aka ce ba za a ɗebi jinin biyu daga cikinmu ba, suna da ciwon hanta nau'in B. Wallahi majiya ƙarfi ne, ko zazzaɓi ba su yi. Ɗaya ya koma asibiti, yana nan tare da mu. Ɗayan ya ce sammu ne, ya shiga shan jiƙe-jiƙe har ciki ya kumbura, ya yi aman jini. Allah Ya jiƙansa.

Ku sani hanta ita ce matatar jiki. Ita ke tace guba, ita ke yin ɗaci mai narkar da maiƙo. Ga ta da haƙuri, sai ɓarna ta yi nisa take kuka. Shawara da muke gani, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, alama ce kawai, cutar tana ciki.

To me ke kawo ta?

Na farko, nau'in B da C, masu bin jini. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, 1 cikin 100 kuma nau'in C. Ku dubi sahun Juma'ar da muka tashi, ku yi lissafi. Suna shiga ta askar wanzami guda a kan mutum goma, ta ƙaho, kaciya, cire beli, reza, allurar da aka maimaita, da jinin da ba a gwada ba. Nau'in B yana bin saduwa, yana bin haihuwa. Jaririn da ya ɗauka wajen uwa, 9 cikin 10 zai zauna da ita, alhali babba galibi jikinsa na korar ta.

Na biyu, nau'in A da E, masu bin gurɓataccen ruwa da abinci. A 2017 nau'in E ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Barno cikin 'yan gudun hijira, ya fi yi wa masu juna biyu illa. Mu da rashin tsaro ya tara mana jama'a a kan rijiya ɗaya, dole mu kula.

Na uku, abincinmu. Gyaɗa na cikin abin da ya kawo jirgin ƙasa Kaura a 1929. Amma gyaɗa ko masarar da aka adana da laima takan yi fumfuna mai guba, ana ce mata afalatoksin. In ta haɗu da nau'in B, hanyar kansar hanta ta buɗe. Gyaɗar da ta yi ɗaci, a zubar, kada a yi ƙuli da ita.

Na huɗu, abin da muke zuba wa cikinmu: giya, wadda dama haramun ce, farasitamol fiye da ƙa'ida, da haɗe-haɗen maganin ƙarfin maza da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa.

Yaya ake ganewa? Ɗigon jini a yatsa, cikin mintoci an ga nau'in B ko C. In an samu, sai a ƙara gwajin aikin hanta, da na yawan ƙwayar cutar, da hoton ciki. In babban asibitin garinku ba shi da kayan, a nemi Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Magani fa? Nau'in C yana warkewa, galibi da ƙwayoyi na mako 12, fiye da 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Nau'in B ba a kai ga tumɓuke shi ba, amma tenofobir yana danne shi, mutum ya rayu, ya yi aure. Likita ne zai ce wane ne ke bukatarsa. Akwai kuma rigakafi: allura uku ga babba, jariri kuma a fara masa cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 take cikin rigakafin yara a ƙasar nan.

Saboda haka, kowa ya je gwaji, musamman mai shirin aure. Kowa ya mallaki askarsa. Kuma kada a guji mai nau'in B: ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko tsayuwa sahu. Gudun da muke yi masu ne ke sa su ɓoyewa.

'Yan'uwa, jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kawo mana zaman lafiya.