Jawabi a kan kwat da yadinta: ina ribar take zuwa?



Yau zancen tufa za mu yi. Mu da muka yi lakwal, da yawanmu mun taso muna ganin kwat ita ce shaidar wayewa. To, bari mu farke ɗinkinta mu ga abin da ke ciki.

Wajen 1900, babban mutum a Ingila in zai fita aiki, doguwar baƙar kwat mai kaiwa gwiwa yake sawa. Gajeruwar nan da muka sani ta shan iska ce. Sai bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 ta ture doguwar. Kashi uku ce: kwat, falmaran da wando. Wuyan rigar ciki dabam ake yinsa, a sa masa sitaci har ya ƙage, a maƙala shi da maɓalli.

Yadin kuwa ulu ne, wato gashin tumaki, mai kauri saboda sanyin ƙasarsu. Ku saurara da kyau a nan. Yawancin gashin nan ba na Ingila ba ne. Daga nesa jiragen ruwa ke kawo shi, musamman daga Ostareliya. A garuruwan Bradford da Huddersfield ake wanke shi, a kaɗa, a saƙa, a rina. Daga nan sai hannun tela. A titin Savile Row na birnin Landan, tela kan auna mutum, ya yanka masa takardar awo tasa shi kaɗai, ya sa zane mai gashin doki a cikin ƙirjin kwat don ta tsaya, ya ɗinke da hannu. Mai kaya ya dawo gwaji sau biyu ko uku. Wannan ta masu hali ce.

Talaka fa? Wani baƙo mai suna Montague Burton ya zo Ingila a 1900, ya buɗe ɗan kanti a Chesterfield. Dabararsa ita ce a auna mutum a kanti, a ɗinka a babban gidan ɗinki a Leeds, inda dubban ma'aikata, yawancinsu mata, ke kan keke. Da haka lebura ma ya samu ta zuwa biki.

Yanzu mu lissafa. Makiyayi sau ɗaya ya ci kuɗi, ranar da ya sayar da gashi. Mai kaɗi ya ci, masaƙi ya ci, marini ya ci, tela ya ci, mai kanti ya ci, kuma dukansu a ƙasa ɗaya suke. Arzikin tufa yana wurin da aka sarrafa ta.

Gandhi na Indiya ya gane haka. Lauya ne da ya yi karatu a Landan, ya daɗe yana sa kwat. A 1921 ya koma ɗaura ɗan zanen auduga saƙar hannu, kuma da shi ya shiga fadar Sarkin Ingila a 1931.

Ba mu ce kowa ya ƙone kwat tasa ba. Amma kakanninmu sun noma auduga, sun kaɗa, sun saƙa, sun rina da baba, har turkuɗin Kura ya kai Agadas da bayanta. In za ku sayi yadi ranar kasuwa, ku tambaya: a ina aka saƙa shi, wa ya rina, wa zai ɗinka? Ku kai wannan tambaya unguwa-unguwa.

Allah ya taimake mu. Wassalam.