Kwamfuta da dafin maciji: kowace wuƙa da kubenta

Gaisuwa ga mutanen Maiwurno da Sinja da Wad Madani, da makiyayan bakin Shuɗin Nilu, da 'yan kasuwar hanyar Kurmuk.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe bakin magudanan ruwan Jazira, kuma kowa ya san lokacin saran maciji ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macizai na kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 a shekara, galibinsu manoma da makiyaya irinmu.

Yaya ake samun allurar da ake yi wa wanda aka sara? Fiye da shekara 100 hanyar ba ta canza ba. A tatsi dafi, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, sai jikin dabbar ya ƙera garkuwa, a ɗebi jininta a tace. Aikin na da tsada, kuma yawancin irin wannan magani sai an ajiye shi a firiji. To tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ina lantarkin, ina firijin?

Ga sabon labari. Yawancin abin da ke cikin dafi ƙananan sinadarai ne da ake kira furotin, kowanne da siffarsa. Na gamsheƙa da danginta akwai mai kama da yatsu uku. Shi ne ke toshe mahaɗar jijiya da tsoka, har numfashi ya tsaya. Ku ɗauke shi kamar wuƙa tsirara. In aka samu kube daidai ita, ai ba ta yanka.

A da, gano yadda furotin biyu za su kama juna kan ci shekaru a ɗakin bincike. Yanzu kwamfuta na lissafa siffar, ta zana abin da zai rungume ta. Wannan fanni ne ya ba David Baker da Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel a 2024. A Janairun 2025, Susana Vázquez Torres ta ɗakin binciken Baker a Amurka, tare da Timothy Jenkins na Denmak, suka bayyana cewa sun zana irin wannan kube. Aka gwada a kan ɓeraye, kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari suka rayu. Yana jure zafi, kuma ba ya bukatar doki.

Amma fa a saurara da kyau. Ɓeraye aka ce, ba mutane ba. Sannan kububuwa da kasa, masu sa zubar jini da kumburi, dafinsu daban ne, wannan bai shafe su ba. Don haka 'yan kasuwa, duk wanda ya kawo muku kwalba ya ce sabon maganin kwamfuta ne, ƙarya yake. Kada ku saya, kada ku sayar.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa, a hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.