Ƙwaron da Aka Gina wa Zauren Tunawa

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

A tuddan rairayi na bakin tekun Amurka, daga Karolina ta Arewa har Fulorida, akwai wani ɗan kaktus da masana ke kira Opuntia drummondii. Rarrafe yake yi a ƙasa, ko gwiwa ba ya kaiwa. Da an taɓa shi sai gaɓarsa ta ɓalle ta maƙale a takalmi ko gashin dabba kamar ƙarangiya, inda ta faɗi nan take yin saiwa. Asalinsa nan ne, ba kawo shi aka yi ba. A yau shi da 'yan uwansa suna fama da wani ƙwaro, kuma mu masu ilimi ne muka fitar da ƙwaron daga gidansa.

Kun san labarin Ostireliya, amma rabinsa ake karantar da ku. Kaktus da aka shigar can ya cinye kusan hekta miliyan 24 a Kwinsland da Niyu Sawut Wels. Aka ɗauko ƙwaron nan, Cactoblastis cactorum, daga Ajantina, aka sake shi a 1926. Macen takan jera ƙwayayenta su yi siffar ƙaya, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su huda gaɓar, su cinye cikinta har ta ruɓe. Cikin 'yan shekaru filaye suka dawo hannun manoma. Murna ta sa aka gina masa zauren tunawa a Boonarga, yana nan har gobe.

To, ga ɗaya rabin. Ganin wannan nasara, a 1957 aka kai shi tsibirin Nebis a Karibiyan, inda kaktus ɗan gida ne. A 1989 sai ga shi a tsibiran kudancin Fulorida. Ya bi bakin teku zuwa Karolina ta Kudu, ya yi yamma har Luwiziyana. Feshin magani ba ya isa ga tsutsar da ke cikin gaɓa. Meziko, ƙasar da ke cin kaktus a matsayin abinci har ta sa shi a tutarta, ta ga ƙwaron a tsibirin Isla Mujeres a 2006, sai da ta yi da gaske kafin ta kawar da shi.

Wasu abokan aikina za su ce yanzu gwajin da ake yi kafin a saki ƙwaro ya yi tsanani. Na ji. Amma wane gwaji ne zai hana ƙwaro mai fiffike ƙetare iyaka?

Abin da na daɗe ina nema bai sauya ba. Kafin a saki wani baƙon ƙwaro, a lissafa tsirran gida da zai iya ci, har da na ƙasashen maƙwabta, kuma a nemi yardarsu a rubuce. Hukumar da ta sake shi ita za ta biya kuɗin bibiyarsa, ko da aikin ya kai shekara 30. Masu son a dasa mana kaktus marar ƙaya don abincin dabbobi su ma su bi wannan layi.