Dutsen Zagami da makunnin da aka manta

Kamar yadda aka saba, ga shirin a rubuce domin waɗanda sabis ba ya bari su sauke murya, musamman 'yan'uwanmu na ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Yau duniyar wata za mu tafi. Na san wani zai ce, "Malam, mu da ko gona ba ma zuwa sai da fargaba, ina ruwanmu da wata?" Gaskiyarka. Amma ka ɗan ba ni aron kunnenka, don daga gona zan fara, kuma a rumbu zan ƙare.

Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari, sai ya ji ƙara mai razanarwa. Wani dutse ne ya faɗo daga sama, taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kusan kilo 18. Aka tono shi, aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito. Wani ɗan kasuwar irin waɗannan duwatsu daga Amurka, Robert Haag, ya samu babban ɓangarensa, kuma yau giram-giram ake sayar da shi a duniya. Kai, har an liƙa ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Wato dutsen Faskari ya kama hanyar komawa inda ya fito, mu kuwa da yawanmu ko labarinsa ba mu taɓa ji ba. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Ka ga ke nan sani shi ke fito da darajar abu. To amma masani ba ya aiki shi kaɗai. Akwai wanda ya ɗauke shi aiki, wanda ke biyansa, wanda zai saurare shi ko ya toshe masa baki. Wannan zaman na shugaba da gwani shi nake so mu duba yau, kuma ban ga inda ya fito fili ba kamar a kamfanonin da ke tseren zuwa wata.

Da, zuwa wata aikin gwamnatoci ne, Amurka da Tarayyar Sobiyet. A 2018 hukumar NASA ta ɓullo da wani tsari: maimakon ta ƙera kumbon da kanta, sai ta ba 'yan kasuwa kwangilar dakon kayan bincikenta, kamar yadda za ka ba mai tirela buhunan masara ya kai maka Legas. Ɗaya daga cikin masu dakon shi ne Intuitive Machines da ke birnin Houston, wanda mutum uku suka kafa a 2013. Kam Ghaffarian ɗan kasuwa ne mai jari. Steve Altemus, shugaban kamfanin, ya taɓa zama mataimakin darakta a cibiyar Johnson ta NASA. Tim Crain kuwa gwani ne a lissafin tuƙa kumbo. Ga mai kuɗi, ga mai riƙe mutane, ga mai sanin aiki, kowa da kujerarsa.

Ranar 15 ga Fabrairun 2024 aka harba kumbonsu mai suna Odysseus. Yana zagaya wata, ana shirin sauka, sai suka ce bari su kunna na'urar da ke auna nisan kumbo da ƙasa. Shiru. Na'urar da hasken leza take aiki, kuma tana da wani makunni na kariya da ke kulle ta don kada hasken ya lalata idon ma'aikata lokacin da ake haɗa kumbon. Kafin a harba ya kamata a buɗe shi da hannu. Ba a buɗe ba. Ga kumbo can nesa da kusan kilomita dubu 384, makunni kuma sai da hannu. Kwangila ta kusan dala miliyan 118, ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba ya tsaya mata a wuya. Daga baya wani babban injiniyansu ya yarda cewa sun tsallake gwajin kunna na'urar kafin harbawa ne saboda ƙarancin lokaci da tsadar gwajin.

To me shugabannin suka yi? Sun ƙara wa kumbon zagaye ɗaya, wajen awa biyu, suka bar wa Crain da yaransa fili su sake rubuta manhaja, ko za a iya aron wata na'urar gwaji ta NASA da ke cikin kayan dakon. Dabarar ba ta ci yadda aka so ba. Ranar 22 ga Fabrairu kumbon ya sauka ba tare da cikakken sanin nisansa da ƙasa ba, ya karya ƙafa, ya jingina da gefe. Duk da haka ya yi kusan mako yana aiko da bayanai, kuma shi ne kumbon kamfani mai zaman kansa na farko da ya sauka a wata bai tarwatse ba, sannan na farko daga Amurka tun Apollo 17 a 1972.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari. Da farko kamfanin ya sanar cewa kumbon a tsaye yake. Da suka gane ba haka ba ne, Altemus ya zauna gaban 'yan jarida riƙe da ɗan ƙaramin samfurin kumbon, ya kwantar da shi kan tebur, ya nuna wa duniya yadda abin yake. Batun makunni kuma ya ɗauke shi a matsayin sakacin kamfani. Bai jawo wani ƙaramin ma'aikaci ya miƙa wa jama'a su yi ta jifa ba. Don Allah ku faɗa mini, sau nawa muka ga haka a wurarenmu?

Sai dai kada mu yi saurin tafi. A Maris ɗin 2025 kumbonsu na biyu, Athena, shi ma ya samu matsalar auna nisa, ya faɗi da gefe cikin wani rami, batirinsa ya mutu cikin kwana ɗaya. Amsa laifi mataki ne, gyara kuma wani matakin ne daban. A wannan makon dai, ranar 2 ga Maris, wani kamfanin na jihar Texas mai suna Firefly ya sauke nasa kumbon, Blue Ghost, a tsaye ƙyam, ya yi aikin mako biyu. Kuma kamfani ne da ya taɓa durƙushewa, rokarsa ta farko ma ta tarwatse a sama a 2021.

Labarin kamfanin ispace na Japan ya fi ba ni tsoro. A Afrilun 2023 kumbonsu, ɗauke da 'yar motar bincike ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Rashid, ya zo sauka. Na'urar auna nisa lafiyarta ƙalau. Da kumbon ya bi ta saman wani gaɓar dutse mai tsawon kusan kilomita 3, lissafin ya canza farat ɗaya, sai kwamfutar ta yanke hukuncin cewa na'urar ta lalace, ta daina saurarenta. Ta ci gaba da nata lissafin har ta ɗauka an iso ƙasa, alhali da sauran wajen kilomita 5. Kumbon ya yi ta ƙona mai a sama har man ya ƙare, ya rikito. Da kamfanin ya fitar da bincikensa bayan wata guda, sai aka ga an canza wurin sauka ne bayan an kammala tsara aikin, kuma gwajin da aka yi bai rufe sabuwar hanyar yadda ya kamata ba.

Ku lura da kyau. A na farko an kulle bakin mai faɗin gaskiya. A na biyu ya faɗi gaskiyar, aka ce ƙarya yake saboda maganarsa ba ta yi daidai da abin da ake tsammani ba. Duk shugaba a sama yake, ba ya ganin ƙasa da idonsa. Gwanin da ke ƙarƙashinsa shi ne ma'auninsa.

Bari in dawo da mu gida. Ina da wani baffa da ke sayen masara da kaka a kasuwannin Sabuwa da Ɗandume, ya ajiye sai bazara. Akwai yaron da ke tare da shi tun yana ƙarami, wanda in ya cusa hannu cikin buhu ya ciji ƙwaya ɗaya, zai gaya maka ko ta bushe. Wata shekara farashi na ta hawa, Baffa na sauri, yaron ya ce, "Alhaji, wannan da sauran danshi, a bari ta ƙara shan rana ko kwana uku ne." Baffa ya ce, "Kai, yaushe aka haife ka? Ina wannan sana'a tun ba ka san hagu da dama ba. A ɗinke." Aka ɗinke, aka jibge a sito. Da aka buɗe bayan watanni, warin kaɗai ya ishe ka labari. Fiye da rabi ta yi fumfuna, sai masu kiwo suka saya a wulaƙance.

Baffa ya yi kwana biyu ba ya magana. A rana ta uku ya tara 'yan dako da masu awo, ya ce, "Laifina ne, yaron nan ya gaya mini." Sannan ya kafa doka: daga yau ba buhun da zai shiga sito sai yaron ya ce ya shiga, ko da shi Alhaji ne ya saya da hannunsa. Wannan dokar ita ce gyaran, kuma ita ta hana a maimaita.

Muna yawan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zaman duniya haka ne. Amma danshin masara bai san furfura ba. Haka zurfin rijiyar burtsatse, haka ƙarfen da za a sa a gada, haka maganin da za a ba majinyaci. Shugaban ƙungiyar manoma, hedimasta, mai kamfanin gini, shugaban ƙaramar hukuma, kowannenku ya tambayi kansa: a cikin mutanena wa ke da ikon ce mini "tsaya, Ranka ya daɗe", kuma in tsaya ɗin? In ka duba ba ka samu ko ɗaya ba, to makunninka a kulle yake, kuma ba za ka sani ba sai ranar sauka.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne yaranmu. Duniya ta san sunan Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara saboda daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300. Amma kada mu manta abin da ya kai su makarantar tun farko: kimiyya suka je koyo. Wasunsu yanzu suna jami'a, wasu suna koyon sana'a. Gobe za su dawo da sani a kansu, su tarar da farar ƙasa a Ƙanƙara, da gonaki a Faskari da Sabuwa, duk suna jiran gwani. In suka tarar da shugabannin da ke cewa "yaushe aka haife ka", za su tattara su tafi inda ake saurarensu, kamar yadda dutsen Zagami ya tafi, mu riƙa jin labarinsu a bakin wasu.

A nan za mu dakata. Ku rubuto mana: ka taɓa gaya wa maigidanka gaskiya a kan aiki ya ƙi ji? Yaya aka ƙare? Kai kuma maigida, ka taɓa amsa laifi a gaban yaranka? Ba sai an ambaci sunan kowa ba. Za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba mu shugabanni masu jin shawara. Sai mako mai zuwa.