Maɓallin PF3 da 'Yan'uwansa: Wa Ke Raba Musu Aiki a Babbar Kwamfuta?

 

Maudu'in yau ya shafi maɓallan nan da ke jere a saman kibod, F1 zuwa F12, da yadda manhajojin babbar kwamfuta, wato menfirem, suke raba musu aiki. Hujjar da zan kafa ita ce, maɓallin shi kaɗai ba ya nufin komai. Aikinsa yarjejeniya ce da ake ajiyewa a wurare uku daban-daban, kuma yawancin rikicin da sabon ma'aikaci ke shiga daga rashin sanin wuraren nan yake fitowa.

A 1971 kamfanin IBM ya fito da taminal mai suna 3270. Wadda aka fi sani a cikin ire-irenta tana da layuka 24, kowane layi haruffa 80. Ba kamar kwamfutar da ke gabanku take aiki ba. Ma'aikacin banki zai cika fom gaba ɗaya, suna, lambar asusu, adadin kuɗi, babbar kwamfutar ba ta san yana yi ba, domin taminal ɗin ce ke riƙe da rubutun. Sai ya danna Enter, ko ɗaya daga cikin maɓallan PF, wato maɓallan F ɗin nan a sunansu na menfirem, sannan saƙo ya tashi: bayit guda da ake kira AID, mai nuna wane maɓalli aka danna, sai wurin da alamar rubutu take, sai guraben da aka taɓa kaɗai. Kibod ɗin ya kulle, a layin ƙasa a ga X SYSTEM, har amsa ta dawo. Dalilin wannan tsari tattali ne: layin sadarwa na da tsada kuma ba ya sauri, ga kwamfuta ɗaya tana hidimar ɗaruruwan mutane, ba za ta iya saurarar kowane harafi ba. Akwai kuma maɓallan PA1 zuwa PA3 da Clear, waɗanda ke aika alamar AID kawai. Abin da ka rubuta ba ya bin su.

To kun ga, abin da PF3 ke faɗa wa kwamfuta bai wuce "an danna na uku" ba. Wuri na farko da ake yanke aikinsa shi ne manhajar kanta. A tsarin CICS, wanda bankuna da kamfanonin inshora da yawa suke gudanar da hada-hadarsu a kai, mai rubuta manhaja da harshen COBOL ne zai duba gurbin EIBAID, ya kwatanta shi da DFHPF3, ya yanke abin da za a yi. In ya ga dama fita ce, in ya ga dama gogewa ce. Shi ya sa aka daɗe ana samun manhajoji biyu a ofishi ɗaya, kowace da nata tsarin maɓallan. A 1987 IBM ya fitar da ƙa'idar CUA domin a daidaita: F1 neman taimako, F3 fita, F7 da F8 baya da gaba, F12 fasawa. Har gobe F1 ne ke buɗe taimako a manhajojin Windows da yawa.

Wuri na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne saitin ma'aikaci. Mu ɗauki ISPF, wadda ta samo asali a tsakiyar shekarun 1970 da sunan SPF, kuma a cikinta masu aiki da tsarin z/OS na menfirem suke wuni. A tsarinta na asali PF2 yana raba fuskar allo biyu, PF9 ya kai ka ɗaya ɓangaren, PF5 ya sake nemo kalmar da ka nema, PF10 da PF11 hagu da dama. Amma a ISPF kowane maɓalli kalmar umarni kawai yake riƙe da ita. PF8 yana riƙe da DOWN. In ka rubuta 10 a layin umarni ka danna PF8, sai ta haɗa su, ta sauko layi goma. In ka rubuta M, sai ka tsinci kanka a ƙarshen fayil. Rubuta KEYS ka danna Enter, tebur zai fito da lambar kowane maɓalli da kalmar da ke gabansa, ka goge ka sa taka. Kana iya jera umarni biyu ko uku a maɓalli ɗaya. PFSHOW kuma shi ke nuna jerin a ƙasan allo ko ya ɓoye shi.

Ina canjin yake zuwa? Kowane ma'aikaci yana da rumbun fayil nasa da ake haɗawa da sunan ISPPROF, a ciki ake ajiye ZPF01 har zuwa ZPF24 tare da sauran zaɓinsa. Sai dai kowace manhaja mai lambar shaidarta tana da nata kason a rumbun. Don haka mutum zai gyara PF6 a wurin gyaran fayil, ya shiga SDSF domin duba sakamakon aiki, ya tarar babu canjin, ya fara cewa kwamfuta ta lalace. Lafiyarta lau. Akwai kuma jerin maɓallai na musamman da ake kira KEYLIST, wanda wasu shafuka ke zuwa da shi. A tsohon tsari PF12 yana dawo maka da umarnin da ka rubuta a baya. A ƙarƙashin KEYLIST kuwa, PF12 ɗin nan CANCEL ne, wanda a wurin gyaran fayil yake zubar da duk abin da ka gyara. Akwai saitin da ke sa ta tambaye ka kafin ta zubar. Wanda ya kashe shi don yana ɓata masa lokaci, shi ya jiyo.

PF3 ma yana da nasa tarkon. A editan ISPF, in ba ka canza saitin AUTOSAVE ba, PF3 adanawa yake yi sannan ya fita. Wanda ya taɓa wani layi bisa kuskure a fayil mai muhimmanci, ya danna PF3 don ya gudu, ya riga ya adana kuskuren. A XEDIT, editan tsarin z/VM, kuwa, PF3 QUIT ne, kuma in ka canza wani abu sai ya ƙi fita har ka faɗi abin da kake so. Yatsa ɗaya, maɓalli ɗaya, sakamako biyu.

Wuri na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Yau da wuya ka ga taminal ta ƙarfe. Manhajar kwaikwayo ake amfani da ita ta hanyar TN3270, irin su x3270 ko Personal Communications ta IBM, kuma kowace tana da taswirar kibod. A Personal Communications, Ctrl na dama ne Enter na asali, babban maɓallin Enter kuwa sabon layi yake kai ka. PF13 zuwa PF24 galibi da Shift ake samunsu. A laftof kuma, F3 na iya ƙara sauti kawai in ba a haɗa da Fn ba. In maɓalli ya ƙi aiki, daga nan ake fara bincike, sannan KEYS, sannan manhajar kanta.

Ra'ayina a kan canza maɓallai shi ne: 'yancin yana da amfani, amma yana da iyaka. Direba yana gyara kujera da madubi yadda suka yi masa, amma ba ya musanya birki da totur, domin gobe wani zai hau motar. PF1, PF3, PF7 da PF8 na jama'a ne. Ranar da aiki ya tsaya cikin dare, abokin aikinka zai zauna a gaban allonka, ko ya riƙa ce maka ta waya "danna PF3", yana zaton ya san abin da zai faru. A ISPF, maɓallan 13 zuwa 24 maimaicin na 1 zuwa 12 ne a tsarin asali, saboda haka kana da gurabe goma sha biyu da za ka cika da umarnin da kake yawan rubutawa ba tare da ka rasa komai ba. Umarnin da ke gogewa ko tura aiki kuwa, ban yarda a ɗora shi kan kowane maɓalli ba. Gara hannu ya wahala ya rubuta shi.

Ga masu rubuta manhaja a cikinku, ku bi CUA, ku kuma nuna jerin maɓallan a ƙasan kowane shafi. Ga masu kula da tsari, ku sa rumbunan ISPPROF cikin abubuwan da kuke ajiye kwafinsu, domin saitin shekaru ne na mutane a ciki. Ku kuma ɗalibai, IBM yana da dandalin koyo kyauta mai suna Z Xplore, x3270 ma kyauta ce. Ranar da kuka fara shiga ISPF, ku rubuta KEYS, ku karanta teburin nan daga sama har ƙasa kafin ku canza ko da harafi ɗaya.